Na Je Bakin Teku, Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Mu nan mun gode Allah. Babban ɗanki na wajena ya fara aiki, ya tara ɗan gemu, har ya soma ba ni shawara a kan harkar duniya. Za ki ga rubutuna ya yi manya-manya, yana hawa yana gangara. Ki yi haƙuri, dalilin yana tafe.

Auta, na je teku. Kin san tun ranar da na fara koyar da labarin ƙasa nake zana shi a allo, har yara suka laƙaba mini Malam Taswira. Duk shekara sai an sami mai ƙarfin hali ya tambaye ni ko na taɓa ganinsa da idona, ni kuwa in ce sai na ajiye aiki tukuna. To, a zangon da ya wuce na fara tuntuɓe da kujerun aji, ina kuma wuce mutane suna cewa na yi girman kai. Da na je asibiti, likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci ta gefe-gefe. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe ɗan abin da ya rage, shi ma ba ta yi alkawari ba. Yanzu duniya ina ganinta ne kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ana ba da hutu, yayarki mai ɗakina ta haɗa mana kaya ba tare da ta nemi shawarata ba. Ta ce teku dai ba zai tako ya zo gaishe ni ba, kuma ita ta gaji da auren mutumin da ya san sunan kowane kogi amma ko kududdufi bai taɓa tsallakawa ba. Muka shiga jirgin ƙasa. Ta ba ni wajen taga, tana ta nuna mini duwatsu da gonaki, kafin in juyo da kai in lalubo abin ya wuce. Daga baya na daina juyawa, ina dai cewa na gani. Ta gane, ta riƙe mini hannu.

Da hantsi muka isa bakin ruwan. Na tsaya inda ta tsayar da ni, na buɗe ido iya buɗewa. Abin da na samu ɗan fili ne mai ƙyalli, bai fi faranti ba. In na matsa da kai sai in sami wani farantin. Teku abu ne na faɗi, Auta, ni kuwa faɗin aka karɓe mini. An ce gani ya kori ji, amma ranar da ji na tsira. Na tuɓe takalmi na shiga. Ruwa ya zo ya dafa mini ƙafa da sanyi, da zai koma sai na ji yashi yana zamewa ƙarƙashin dugadugaina, kamar ƙasa tana son tafiya da ni. Babu littafin da ya taɓa gaya mini wannan. Na yi murna ta ɗan lokaci kamar yaro, sannan na zauna a kan yashi na yi kuka, yayarki tana ce wa masu wucewa gishiri ne ya shiga mini ido.

Duk da haka na dawo da zumuɗi, don na yi wa 'yan ajina alkawarin labari. Ranar farko da aka koma makaranta na ɗauki alli na fara zana gaɓar teku yadda na saba, hannuna ya san hanya ko ba ido. Ina zane ina bayanin yashin nan, bakina har kumfa. Sai na lura ajin ya yi tsit, ajin da ko shugaba ya shigo ba ya yin shiru. Ashe malamin lissafi bai goge allon ba, ni kuma ban ga gefen ba, na bi ta kan aikinsa na cakuɗa komai. Wallahi da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Yaran da ke yi mini tsiya kullum, ranar tausayina suka ji.

Shugaban makarantar ɗalibina ne, ni na koya masa gabas da yamma. Ya kira ni ofis, ya kasa zama a kujerarsa, ya ce Malam ya kamata a huta haka nan, ƙarshen zangon nan za a kawo wani. Ban yi musu ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai ban san abin da mutum ke yi da safiya ba in ba aji. Na sha gaya wa yara tafiya mabuɗin ilimi ce. Ga shi na yi tafiyar, na samo abin da ya fi duk abin da na taɓa koyarwa, an kuwa rufe ƙofar da zan shiga in faɗa. Yanzu da la'asar nakan zauna a tsakar gida ina koyon rarrabe kukan tsuntsaye. Wata rana yakan ɗebe mini kewa, yawanci dai ba ya ɗebewa.

Ki gaida maigidanki Injiniya, ki ce ina nan da bashin ziyara. Ki gaida Gwaggo, da 'yan biyunki, da Sarkin Surutu, Allah ya yi musu albarka. Inna kuwa, na roƙe ki kada ki gaya mata zancen idon nan, ciwon ƙafarta ya ishe ta. In ta tambaya, ki ce mata ɗanta ya je ya ga teku, kuma ya ce yana da kyau ƙwarai.

Ku sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Yayanki Malam