Za a Farfasa Jirginmu, Ɗanlami

Wudil, ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanena Ɗanlami,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ne yayanka Garba. Kada ka yi mamakin ganin rubutuna. Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, kuma wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta da hannuna. Na san babu inda zan aika ta. Dalilin rubutawa shi ne in sanar da kai cewa za a farfasa jirginmu.

Jiya a kasuwa wani malamin makaranta yana karanta wa mutane jarida a rumfar tela, sai ya ɗaga hoto don kowa ya gani. Tun daga nesa na gane shi: bututun hayaƙi uku a jere, sun ɗan kishingiɗa baya. Wai ya tsufa, za a yanyanka shi a narkar da ƙarfen. Bakina ya riga hankalina, na ce ai jirginmu ne. Kafin la'asar magana ta isa gida wurin Inna, wadda shekara goma sha uku ke nan tana zaton kana raye kana aiki a cikinsa.

Ni na gaya mata haka. Bari in bi maka zancen daki-daki.

Ka tuna yadda ci-rani ya kai mu Ikko, daga nan Saliyo, inda aka ɗauke mu aiki a jirgin yaƙin saboda mun san igiya da filafili. 'Ya'yan mai fito daga Wudil, ga mu a kan abin da ya fi unguwarmu tsawo. Aikinmu kankare tsatsa, shafa fenti, da tuƙa ƙaramin kwale-kwale in manya za su sauka gaɓa.

Wani tsohon Bature mai kula da mu ya ba mu tarihinsa. An ƙera shi ne tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, lokacin da manyan ƙasashe suka yi alkawari kada jirgi irinsa ya wuce wani nauyi. Maƙeran suna son manyan bindigogi, suka ɗora takwas, bibbiyu a ɗaki huɗu, gaba da baya. Suna son gudu, suka cika cikinsa da injuna. Har ƙaramin jirgin sama aka ɗora masa, ana cilla shi ya leƙo hanya. Da aka zo kan kaurin jiki, nauyin da aka yarda ya kusa cika, sai aka rage a can.

Kai ba ka jira bayani ba. Ranar farko da muka sauka kan katako don shafa fenti, ka ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa, yadda Baba yake yi wa sabon kwale-kwale, ka kasa kunne. Ka ce, "Yaya, wannan duk baki ne da ƙafa, ba shi da haƙarƙari." Na ce ka rufe mana baki kada a kore mu.

Su ma maƙeran sun san da haka. Shi ya sa suka rarraba cikinsa ɗaki-ɗaki, kowanne da ƙofar ƙarfe mai mariƙai. In ruwa ya fasa ɗaya, a rufe shi, sauran su ɗauki jirgin. Kusan kullum sai an buga ƙararrawa an gwada mu. Dokar guda ce: in an ce rufe, ka rufe, ba a tambayar wa ke ciki. Kai dariya abin yake ba ka. Ka ce Turawa sun iya ƙera jirgi amma ba su san ruwa ba.

Yawancin yaƙin namu kallo ne. Mu raka ayarin jiragen soja da na abinci, wata da watanni, ruwa gaba ruwa baya. Sau biyu kacal na ji manyan bindigogin sun tashi da gaske, kuma ban ga abin da aka harba ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, teku kwance. An aike ka ƙasa ɗakin ajiya ka ɗauko igiya. Jirgin ƙarƙashin ruwa ya sako mana bam, ya same mu a gefe, daidai irin wurin da ka ƙwanƙwasa. Ina tsaye a bakin ƙofar da ke saman matakala, ruwa yana tasowa. Aka ce rufe. Mu uku muka tura ƙofar, ni na murɗa mariƙin ƙarshe. Na ji ana bugu daga ciki na ɗan lokaci. Ku shida ne a can, ban san hannun wa ba ne.

Jirgi ya tsira da ɗaruruwan mutane, ya lallaɓa har tasha. Da aka tsame shi aka buɗe ɗakin, gefensa a wangale yake, teku ta kwashe komai. Aka ba ni takardar rasuwarka in kai gida.

Ka san gidanmu. Mutum bai taɓa nutsewa a kogin nan an bar shi ba. Kwana uku Baba ya yi yana nutso neman wani makiyayi da ruwa ya ci da shanunsa, bai ma san sunansa ba, kuma ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba sai da ya fito da shi. Cewa yake yi, "Ba a hawowa gaɓa a ce ban gan shi ba." Na dawo na tarar Baba ya rasu, Inna a kwance ba lafiya. Ta ce, "Ina ɗan'uwanka?" Na ce ka ƙara sa hannu, aikin ya karɓe ka. Takardar tana cikin gafaka har yau. Tsoro ne, ba tausayi ba, ko da yake na daɗe ina kiransa tausayi.

Jiya da na shiga gida na same ta tana murna. Idonta ya yi rauni yanzu, amma ta sa an share ɗakinka. Ta ce, "Tunda jirgin ya gama aiki, ai sai a sallamo mini shi."

Yau da hantsi na durƙusa gabanta tana ɓarar gyaɗa, na gaya mata duka, har mariƙin ƙofar. Ba ta yi kuka ba. Ta ture ƙwaryar gefe, ta yi salati. Sannan ta ce in je in gaya wa liman, gobe za a yi maka salla a zauna makoki. Ta ce, "Kai za ka zauna a zaure ka karɓi gaisuwa. Duk wanda ya tambaya, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini, kada ka rage."

Har na kai bakin ƙofa ta kira ni da sunana, abin da ba ta taɓa yi ba, ni ɗan fari. Ta ce, "Garba, shi ya san kai ne a waje?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, Ɗanlami, ƙanena. Ina kewarka, kuma kullum da wannan tambayar nake tashi. In ka sani, ka yafe mini. In ba ka sani ba, to ga shi yau na gaya maka.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya haɗa ka da Baba cikin aljanna. Ya sanyaya zuciyar Inna, ni kuma ya ba ni bakin magana gobe. Amin.

Naka,
Yaya Garba