Allurai da Zarensu

Zuwa ga 'yata Nahla,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Gogo da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen Wuro Hausa? Ki gaishe min da Edna da sauran ƙawayenki na zaman saƙa. Na ga hoton rigar sanyin da kuka yi wa jaririn Tracy, ta yi kyau.

Ni lafiya lau nake a nan Gabon. Na koyar da Turanci har furfura ta fito min, ga shi yau ɗinkin hula ke ciyar da ni. Ilimi ya yi rana!

Idona ne ya ɗan yi yana, ba wani abu ba ne. Hannuna ya haddace ɗinkin, ko a rufe ido sai in yi. Kafar allura ce kawai ta ɓace min. Mai shagon da nake wa ɗinki, wanda ya ba ni ɗaki, bai sani ba, kuma ran da ya gan ni ina lalube, ranar zai sa wani a gurbina. Shi ya sa ba na roƙon kowa a nan.

Kin tuna ƙyallen da kika aiko min bara, kin soke allurai a jiki, kowace da zarenta? Da su nake aiki, ina tattalinsu. Don Allah ranar Asabar ku ajiye saƙa, ku zura min zare a wasu allurai, fari da shuɗi, dogaye. Harrison direba zai taso nan ƙarshen wata, shi za ki ba ya kawo min.

Kada Gogo ta ji. Allah ya yi miki albarka. Ki hanzarta, Nahla, allurar ƙarshe ce a hannuna.

Bappanki,
Bobboyi