Ta'aziyyar Cif Seini Osmanu, da Neman Afuwa kan Ragon da Muka Bayar

Cikin alhini, da kuma kunyar da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Ruwa 'Yan Zango, reshen Kumasi, tana sanar da jama'a cewa ta janye sanarwar da ta fitar ranar addu'ar uku ta ɗan'uwanmu kuma dattijonmu, Alhaji Seini Osmanu, Cif Feti Ofisa mai ritaya, wanda Zango ya fi sani da Baba Nebi, wato Baban sojan ruwa, kuma wannan takarda ce ta maye gurbinta. Marigayin ya rasu ranar Talatar makon jiya a asibitin koyarwa da ke Bantama bayan jinyar ciwon ƙoda, yana da shekara saba'in da huɗu, aka yi masa sutura a maƙabartar Tafo a ranar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar mai ɗakinsa, Hajiya Rakiatu, da 'ya'ya uku, Kausara, Hikima da Khalidu, da jikoki. Abin da ya sa muka janye waccan sanarwa sakin layi ɗaya ne a cikinta, inda muka yi alfahari da wata sadaka da muka bayar da sunansa, alhali abin da muka bayar ba namu ba ne. Za mu zo kan wannan, amma haƙƙinsa ne a fara faɗin ko shi wane ne.

An haifi Alhaji Seini a nan Zango, a gidan wani mai fataucin goro wanda iyayensa suka zo daga Nijar, kuma bai taɓa ganin teku ba sai ranar da ya sauka a Sekondi neman shiga aikin sojan ruwa, a farkon shekarun 1970. Yakan ce kafin wannan rana, ruwa mafi girma da ya sani shi ne kwatar bayan gidansu idan an kwana ana ruwan sama. Ya koyi iyo da girmansa, a gaban samarin bakin teku da ke yi masa dariya, sannan ya hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya har ya zama bosan, wato shugaban ma'aikatan saman jirgi, mai kula da igiyoyi da ƙananan jiragen sauka da kuma horon sababbin shiga. Da yawa daga cikinmu a hannunsa muka koyi ɗaurin igiya, kuma shi ne ya nuna wa 'yan Zango na wancan zamani yadda ake gane alƙibla a jirgin da ke juyawa, ba tare da an bar bakin aiki ba.

A shekarar 1990, lokacin da ƙasashen Yammacin Afirka suka tura dakarun kiyaye zaman lafiya zuwa Laberiya, yana cikin ma'aikatan wani jirgi da aka ɗora wa kwaso mutanen da yaƙi ya rutsa da su a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya. Shi ne ke tuƙa ƙaramin jirgi mai inji da ke kai da komo tsakanin gaɓa da babban jirgin, yana ɗauko mata da yara da masu rauni, a daidai lokacin da ake harbo igwa daga cikin gari. A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye, ɓaraguzan harsashi suka kashe abokan aikinsa biyu a gabansa, Sherif Adamu ɗan Ayigya Zango da Ekow Baidoo ɗan Sekondi, shi kuma suka same shi a cinya. Ya isar da fasinjojinsa, ya miƙa gawarwakin biyu, ya ɗaure cinyar da tsumman goge inji, ya sake juya jirgin zuwa gaɓa, domin ya bar mutane a can da alƙawarin zai dawo. Har ya rasu bai yarda a kira shi jarumi a taro ba sai an ambaci waɗannan biyu kafin shi, don haka muke ambatonsu a nan da dukkan girmamawar da ta dace da su. Kowace shekara yakan sa a yi wa Sherif addu'a a masallacin unguwarsu, kuma ya riƙa zuwa Sekondi gaida mahaifiyar Ekow har Allah ya yi mata cikawa.

Daga wannan aiki ya dawo da lambar yabo, da ɗingishi, da kuma wata ramammiyar kyanwa da ya tsinta a bakin gaɓar ya cusa cikin rigarsa. Jikokinta na gidansa har yau. Bayan ritaya gidan ya cika da dabbobi, kuma kowacce da muƙaminta. Duk wanda ke zauren WhatsApp na ƙungiya ya san rahoton safe da Cif ke turowa da hotuna: yau an gurfanar da Kaftin, babban muzurun gidan, gaban kotun soja bisa laifin satar kobi, busasshen kifin nan mai gishiri, daga tukunyar Hajiya, an same shi da laifi an mayar da shi kurtu, gobe kuma an dawo masa da muƙaminsa saboda ya kama ɓera. Agwagi, in ji shi, su kaɗai ne a gidan suka ci jarrabawar iyo, amma ba za a ƙara musu girma ba sai sun koyi tafiya a layi. Wasunmu da suka dawo daga Laberiya ba su iya yin dariya ba, a tsakar gidan nan suka sake koyonta.

Amma wanda ya fi kowa matsayi a wurinsa rago ne. Ya same shi yana ɗan jariri, uwarsa ta mutu, shi da Hajiya Rakiatu suka rene shi da bulunbotin jarirai, ya raɗa masa suna Bosan, yana cewa tunda shi ya yi ritaya dole a samu wanda zai riƙe muƙamin. Ragon yakan bi shi har ƙofar masallaci, ya tsaya wajen takalma sai an sallame. Shekara bayan shekara Cif yakan sayi wani ragon dabam don layya, Bosan na tsaye yana kallo. Mukan tsokane shi mu ce, "Cif, naman nan fa yana tsufa." Shi kuma ya ce, "Ku ma kuna tsufa, wa ya yanka ku?" Mun kawo wannan ne domin kada wani ya yi mana uzurin rashin sani. Babu ɗaya daga cikinmu da bai san matsayin ragon nan ba.

Al'adar ƙungiyarmu ce idan ɗan'uwa ya rasu mu ɗauke wa iyalinsa hidimar ɓangaren maza: rumfa, kujeru, tabarmi, abincin baƙi da sadakar malamai. Haka muka yi. Ranar addu'ar uku, bayan an sauke Alƙur'ani, shugabanmu, Alhaji Suraj, Warant Ofisa mai ritaya, yana zaune a rumfa tare da 'yan kwamiti, ragon kuma na ɗaure a ƙofar gida yana kuka, domin tun ranar rasuwar bai ci abin kirki ba. Sai ɗaya daga cikinmu ya ce sadakar da ta fi lada ita ce ta abin da mutum ya fi so, kuma kowa ya san abin da Cif ya fi so. Maganar ta yi mana daɗi. Duk muka amince, har da mai sa hannu a wannan takarda. Aka kwance ragon aka miƙa wa baƙon malamin da ya jagoranci saukar, aka shafa fatiha, muka zauna muka rubuta cewa ƙungiya ta aika wa marigayin da mafi soyuwar dukiyarsa.

A duk wannan lokaci Hajiya Rakiatu na cikin ɗakinta tana takaba, bango ɗaya ne tsakaninmu da ita. Kausara, babbar 'yar marigayin, na bayan gida wajen girki tare da mata, Khalidu kuma ya tafi tasha raka baƙin Sekondi. Ba mu aika kowa ciki ba. Da la'asar Kausara ta fito da kwanon ɓawon rogo, ta tarar da turke babu rago. Da aka faɗa mata abin da ya faru, ta durƙusa gaban shugabanmu kamar yadda ta saba tun tana yarinya, ta ce, "Baba Suraj, kun tambaye mu kujeru nawa za a kawo, kun tambaye mu wace, shinkafa da waken nan, ko tuwo za a dafa wa baƙi. Wannan ne kaɗai bai kai a tambaya ba?" A bakinta muka ji cewa a gadon asibiti, gaban matarsa da ita Kausarar, marigayin ya roƙi a bar Bosan a hannun Hajiya har ya mutu don kansa, kada a yanka shi, kada a sayar. Washegari Hajiya ta aiko mana da saƙo ta hannun 'yar tata: "Ki ce musu ban yi fushi ba. Ki ce musu ni ba ni da halin fita, su kuwa suna da ƙafa."

Ba za mu rage girman abin da muka yi ba. Ragon nan dukiyar gado ce, kuma ba mu da hurumin taɓa ko tsinke a cikinta, balle mu yi kyauta da ita. Mun karya roƙon ƙarshe na mutumin da ya koma gaɓa da jini a cinya saboda ya yi alƙawari. Mun ɗauki macen da ke zaman takaba kamar ba ta gidan, alhali ita ta tashi tana haɗa wa ragon madara lokacin da mu muke yi wa Cif dariya. Abin da ya fi ci mana rai kuwa shi ne mun kafa hujja da ƙaunar da Cif ke yi wa dabbar wajen raba ta da gidansa, muka kuma yi zaton mun yi abin a yaba. Alhaji Suraj ya nemi a rubuta sunansa a fili a matsayin wanda ya ba da umarnin kwance igiyar, mun kuma rubuta, amma laifin na kwamiti ne baki ɗaya. Muna roƙon afuwar Hajiya Rakiatu da 'ya'yanta. Kwamiti ya kuma yanke cewa daga yau ba za a fitar da komai daga gidan ɗan'uwan da ya rasu ba, sai mace daga iyalanmu ta shiga ta jiyo amincewar matarsa da bakinta.

Muna jaddada cewa malamin da aka ba ragon ba shi da laifi ko kaɗan. Sadaka aka ba shi a bainar jama'a ya karɓa. Da yake ɗakin haya yake zaune ba shi da wurin ɗaure dabba, ya miƙa shi ga wani dillali, dillalin kuma ya haɗa shi cikin ragunan da ya rarraba wa masu sayarwa a sassan gari, kasancewar Babbar Sallah ta ƙarato. Tun da malamin ya ji labari yake yawo tare da mu daga wannan turke zuwa wancan.

Don haka muke kira ga masu girma limaman Juma'a na Zango da kewaye su taimaka da sanarwa, da kuma mahauta, dillalan dabbobi, direbobin motocin haya na trotro da duk magidancin da ya riga ya ɗaure ragon layyarsa, su duba. Tsohon rago ne fari, rabin fuskarsa ta dama baƙa, ƙahonsa na hagu ya fi na dama lanƙwasa, kuma ya bar gida da shuɗiyar igiya a wuya mai ƙulli irin na ma'aikatan jirgi. Ba ya gudun mutane, yana kuma bin duk wanda ya riƙe burodi. Wanda ya saye shi da kyakkyawar niyya ba za a tuhume shi da komai ba, ƙungiya za ta ba shi madadin da ya gamsu da shi kafin ranar Idi. Ana iya sanar da kowane ɗan ƙungiya, ko a je gidan marigayin kai tsaye a nemi Khalidu. Idan aka wuce safiyar Sallah, babu sauran abin da za mu iya mayar wa Hajiya.

A madadin shugaba, Alhaji Suraj, da dattawan ƙungiya da ɗaukacin tsofaffin sojojin ruwa 'yan Zango, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Rakiatu, da Kausara, Hikima da Khalidu, da jikoki da dangi na nan gida da na Nijar, da jama'ar Zango baki ɗaya. Allah ya jiƙan Alhaji Seini Osmanu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa rayukan da ya tsallakar da su da dabbobin da ya ciyar su zama hujja a gare shi ranar gobe. Allah ya jiƙan Sherif Adamu, ya sanyaya zukatan iyalan Ekow Baidoo da na duk waɗanda suka tafi teku ba su dawo ba. Allah ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa, da kuma haƙurin abin da muka ƙara musu a kai.

Yau da hantsi wani mahauci a unguwar Atonsu ya kira ya ce akwai tsohon rago fari mai baƙi a fuska cikin waɗanda aka kawo masa, an riga an yi cinikinsa da wani mai layya amma bai zo ɗauka ba, kuma babu igiya a wuyansa. Kausara da Alhaji Suraj sun kama hanya. Har zuwa lokacin sa hannu a wannan takarda, ba a tabbatar ko shi ne ba.

Kamil Shakiru
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Ruwa 'Yan Zango, Reshen Kumasi