Na Tona Asirin Yaya Inusah a Musun Ƙwallon Kwando

Anti Barira, ki taimake ni da shawara, mako biyu kacal ya rage mini.

Ni ɗan Kano ne, shekara huɗu ina Guangzhou ina sayen yadi da takalma ina turawa gida. Ƙwallon kwando kuwa tun ina sakandare nake bugawa, har gwiwa ta ce ya isa. A nan unguwar Dengfeng akwai gidan abincin Balkissa, 'yar Nijar, inda muke haɗuwa duk Juma'a bayan masallaci, mu ci tuwo mu yi musu. Mu bakwai ne masu goyon bayan ƙungiya ɗaya a gasar Amurka. Bana ta sha kashi har ta gode wa Allah, amma a can masu shan kashi su ne kan gaba wajen zaɓen sababbin 'yan wasa. Ƙarshen wannan watan za a yi zaɓen, don haka kowa a teburinmu ya zama koci.

Ni na tsaya kan wani dogon yaro ɗan China, kuma ba da ka na tsaya ba. Sau uku ina hawa mota in je filin da yake wasa. Na ga yadda yake jefawa daga nesa, na ga ƙafarsa, na ga ba ya fushi in an ture shi. Anti, na san ƙwallo, yaron nan zai yi suna.

Yaya Inusah kuma ya kafe kan wani ɗan jami'ar Amurka da bai taɓa gani ba sai a faifan bidiyo. Wai shi ya saba da gogayya mai zafi, nawa kuwa iska ma za ta kayar da shi. Yaya Inusah mutumin Kumasi ne, ya girme ni da shekara goma. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgin Baiyun ranar da na sauka ban san kowa ba, wata uku ina kwana a ɗakinsa. Shi ya koya mini cewa in mai kanti ya ce "meyo", wato babu, kada in tafi, in zauna in sha shayinsa, kaya za su fito. Sana'arsa duba wa 'yan kasuwar Ghana kaya kafin a loda, amana ce jarinsa.

Juma'ar da ta wuce musu ya yi zafi, ana ta yi mini dariya. Sai na ce ni na ga samfur da idona, shi kuwa hoton katalog yake saye, kuma kowa ya tambaye shi abin da ya faru ranar da ya sayi takalma a hoto. Anti, shekara biyu da suka wuce ya taɓa odar takalma bai je masana'anta ba, suka isa tashar jirgin ruwa ta Tema a Ghana tafinsu na ɓarewa. Ya rufe maganar, ni kaɗai ya gaya wa. Ga kuma Alhazai biyu daga Kumasi a teburin, waɗanda suka zo ya duba musu kaya. Yaya Inusah ya wanke hannu ya fita. Washegari ɗaya daga cikin Alhazan ya kira ni, wai ni in raka shi kasuwar Liwan. Ban je ba, amma na ji kunya ƙwarai.

Yanzu ba ya ɗaukar wayata. Ga shi saboda gasar Olamfik da za a yi a nan China an tsaurara biza, an ƙi sabunta tasa, zai koma Ghana, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Kwana uku kafin jirginsa za a yi zaɓen. Shawarata ita ce in jira, in an ɗauki yarona, kuma za a ɗauke shi, sai in je da fara'a, ya ga dai gaskiya na faɗa, mu yi dariya a wuce wurin. Ko ya kika gani? Ina son mutumin nan har zuciyata.

Ɗan Kwari a Guangzhou

*

Ɗan Kwari, sannu da ƙoƙari. Da farko, na sauya sunan yayanka da na garinsa kafin a buga wasiƙarka, don saura ƙiris ka sake tona shi, wannan karon a jarida.

Kan ɗan wasa, mai yiwuwa kana da gaskiya. Gani ya kori ji, kuma wanda ya je fili sau uku ya fi mai kallon faifai hujja. Shi ma ba shirme yake yi ba, don wanda ya goge cikin manya yana da abin da tsayi ba ya bayarwa. Haka kuma dariyar taro tana da zafi, na san ita ta tunzura ka. Amma da yaron China da na Amurka, babu wanda ya san kuna duniya. Wanda ya san ka shi ne mutumin da ya shimfiɗa maka katifa wata uku.

Shirinka na jira ba zai yi ba. In an ɗauki naka, zuwanka zai zama zuwan mai nasara, kowace kalma ta ban haƙuri za ta yi kama da gori. In ba a ɗauke shi ba, zai ce kaye ne ya kawo ka. Yanzu ne kawai, da ba a san na wa zai fito ba, haƙurinka zai zama haƙuri tsantsa.

Ka bar waya, ka taka har ɗakinsa gobe. Kada ka ambaci ƙwallo ko da wasa. Ka ce ya ba ka amana ka ci, kuma ba ka da uzuri. In ya rufe ƙofa, ka koma jibi.

Amma a ɗaki ba za a gama ba, tunda a bainar jama'a ka yi ɓarnar. Wannan Juma'ar, a teburin Balkissa, ka miƙe ka ce ka yi kuskure. Kada ka ce ƙarya ka yi, tunda ba ƙarya ba ce. Ka faɗi sauran gaskiyar da ka bari, wato sau ɗaya ya yi tuntuɓe, ya ɗauki nauyin abinsa, kuma duk idon da kake taƙama da shi a kasuwa shi ya buɗe maka. Sannan ka nemi Alhazan nan ka maimaita musu, ka mayar da su hannunsa. Kumasi za su koma, shi ma can zai koma, abin da suka ji a bakinka zai riga shi sauka. Abincin iyalinsa ne ka taɓa.

Yana iya yafewa nan take, yana iya tafiya da ciwonsa, wannan ba a hannunka yake ba. Ko ya yafe ko bai yafe ba, ranar tafiya ka ɗauki jakarsa ka raka shi. Ƙungiyarku za ta sake zaɓe baɗi, kai kuwa ba lallai ka sake samun Yaya Inusah ba.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya kai shi gida lafiya, kai kuma Ya ba ka ikon riƙe harshe.

Anti Barira