Fasasshen Tulun Hauwa

Kalgo, daren Talata, bakwai ga watan Safar

Yau ruwa ya janye. Hakimi ya aiko dogari, wai kowa ya koma tudu inda anka raba filin gini. Ban yi musu ba, na ga yadda gulbi ya cinye rumbunanmu.

Muna ɗaure kaya mai ɗakina ta ce, "Malam, je ka yi wa yarinyar nan sallama." Hauwa take nufi, 'yar farinmu da ta rasu bara. Har yau ba ta faɗin sunanta.

Na je maƙabarta. Fasasshen tulun da na kafa mata shaida ya bi ruwa, ko'ina laka ce shimfiɗe.

Da na dawo ta ce, "Ka same ta?"

Allah ka gafarta mini, na ce na same ta.