Sa'adatu Ta Sha Kunun Gyaɗa

Yaya Hansatu,

Gaisuwa mai yawa daga Rurum. Ina Malam da yara, yaya zaman Kumasi? Mu lafiya lau.

Kin tuna da cikin Garba Inna ta hana ni gyaɗa, wai tana sa jariri ƙuraje. Duk da haka ko ƙuli-ƙuli ya lasa sai borin jini ya taso masa. Da cikin Sa'adatu kuwa na ƙi ji, kullum kunun gyaɗa. Jiya aka kai ta yaye wurin Inna, ta sha kunun, muka yi ta duba jikinta har la'asar. Ko ƙurji ɗaya babu! Inna ta ce, "To, ƙaro mata."

Ki sa Garba a addu'a. Gaida Malam.

Ƙanwarki,
Hauwa