Inna, Ni Ce Na Sa Hannu

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙar nan ba za ta iso ki ba, waɗansu ne za su karanta ta. Su karanta. Shekara biyar ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya tokare ni a ƙirji, ke nake fara nema.

Kin bar ni ina ƙaramar akanta. Yanzu ni ce shugabar sashen kuɗi a kamfanin gine-ginen nan na GRA. Ba a sayen buhun siminti, ba a sallamar birkila, sai takarda ta bi ta teburina. Mutane suna ta taya ni murna. Ni kuwa wata biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Ina tuƙi sai in wuce kwanar gidana. A tsaye nake cin abinci. Maigidana, Abban Safiyya, har ya gaji da tambayata abin da ke damuna.

Bari in faro miki daga farko.

Mun fara gina ƙananan gidaje a bayan Kambarawa, ɗaki biyu da falo, domin ma'aikata masu biya kaɗan-kaɗan. Muna tsakiyar aiki kayan gini suka yi tashin da ban taɓa gani ba. Siminti, rodi, kwanon rufi, komai. Alhaji mai kamfanin ya ce in duba in gaya masa gaskiya. Na yi kwana huɗu a kai, na gaya masa: in muka ba da gidajen a tsohon farashi, za mu durƙushe kafin a yi rabin rufi. Shawarar tawa ce, Inna: a ƙara farashi, wanda ba zai iya ciko ba a mayar masa da abin da ya zuba. Babu wanda ya tilasta ni. Ni na tsara wasiƙar da aka aika wa masu biyan, ni na sa hannu, har na ji daɗin yadda Turancin ya zauna.

A kwamfuta lambobi kawai nake gani: gida na huɗu, gida na goma sha ɗaya. Ban bi ta kan sunaye ba.

Wata Talata sai ga Mama Rifkatu a ofishina. Kin tuna ta, nas ɗin nan 'yar Filato, maƙwabciyarmu a Ƙofar Durbi, wadda kan shigo ta yi miki allura kafin ta wuce coci, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta tsufa, da sanda take tafiya. Ashe ita ce gida na goma sha ɗaya. Shekara huɗu tana zuba fanshonta a wurinmu.

Ta gaishe ni a nitse, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta yi miki addu'a. Sannan ta zaro takardar daga jaka ta ce, "Rukayya, na ga sunanki a ƙasa, shi ya sa na ce bari in zo. Wataƙila ni ce ban gane Turancin ba."

Ta gane sarai, Inna. Hanya ta buɗe mini in ce kuskure ne. Na kasa faɗa.

Da ta fita sai na tuna tashinmu. Sau shida muka sauya gidan haya bayan rasuwar Baba. Na fi tuna ranar da mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakunansa. Kika ɗaure tukwane cikin zane, aka loda katifu a kura, kika dube mu mu uku kika ce, "Kada wadda ta yi mini kuka a titi. In mun isa, kowa ta yi nata." Mun yi namu. Naki ne ban taɓa gani ba.

Washegari na ɗauki injiniyanmu muka je wurin ginin da tsakar rana. Na bi shi gida-gida ina tambaya: in aka bar filasta fa? In aka bar tayil da silin da katanga fa? Na dawo na sake lissafi. Sau uku ina shiga wurin Alhaji. Karon farko dariya ya yi: "Hajiya Rukayya, ke kika kawo maganar, ke ce kuma za ki rushe ta?" Na ce ni ce. A karo na uku ya yarda: gida tsurarsa, rufi da ƙofa da taga da banɗaki, a tsohon farashi.

Makon jiya Mama Rifkatu ta tare. Na iske ta a kan tabarma, bulo a fili ta ko'ina, tana nuna wa jikarta inda za a dasa zogale. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Da a nan maganar ta ƙare, da na yi barci.

Mutum uku sun riga sun karɓi kuɗinsu kafin in farga, har an sayar da gidajensu. Biyu sun bar gari. Na ukun Malam Isiyaku ne, tsohon direba, yana haya layi biyu tsakaninsa da inda muka zauna a Ƙofar Durbi. Abin da muka mayar masa yau ko fili ba zai saya ba. Akwai wani fili karkatacce a ƙarshen layin gidajen da muke ginawa, wanda kowa ya ƙi, na roƙi Alhaji a ba Malam Isiyaku a kan kuɗin da muka mayar masa. Sau biyu ina zuwa bakin lungunsu in juya mota. Jiya na daure na yi sallama.

Ya shimfiɗa mini darduma a zaure, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Hajiya, kuɗin ai sun tafi asibiti. An yi wa mai ɗakina aiki, ga ta can ta miƙe. Ban yi asara ba. Ki daina wahalar da kanki."

Shi ya rako ni har mota, yana ba ni haƙuri. Shi yake ba ni haƙuri, Inna.

Lauyanmu ya ce ban karya doka ba. Alhaji ya ce na ceci kamfani. Duk gaskiya ne. Amma da kina nan da na zo na zauna kusa da ƙafarki, ki yi mini faɗa son ranki, ko na samu in huta. Yanzu babu mai yi mini faɗa. Kowa Hajiya yake ce mini.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata miki makwanci, ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Allah ya ƙara wa iyalin Malam Isiyaku lafiya, ya ba shi muhallin kansa ta hanyar da ban sani ba. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da hannuna ya rubuta.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rukayya